Ƙasar da Ba Ta Amsa Ba

Na ga yadda kuka haɗa ido ɗazu da na durƙusa ina ɗibar ƙasar filin nan a tsohuwar ƙwarya. Ɗayanku har ya juya baya yana dariya, yana tsammanin tsufa ya toshe mini kunne. Ku yi dariyarku. Ku 'yan bulo ne, siminti na zuwar muku a buhu, yashi a tifa, inji na buga muku, naku ɗauka da jerawa. Shi ya sa kuke ganin ginin ƙasa wasan yara ne, wai a kwaɓa laka, a mulmula, a ɗora. To ku matso inuwar nan kafin mai filin ya iso, in gaya muku dalilin da ya sa ba na kafa dagi a wuri sai na tambayi ƙasar wurin.

Iyayena mutanen Haɗeja ne, cinikin hatsi ya kawo su Nguru. Ni hannuna bai iya mudu ba, kullum sai na cika wa mai saye har ya zube, sai mahaifina ya gaji ya kai ni Gashuwa wurin wani magini Babarbare, Baba Bukar. Lokacin duk yankin nan jihar Barno ne. Kayan aikin Baba ba su cika mangalar jaki ba: dagi, fartanya, shebur ɗaya mai karyayyen baki, kwando da igiya. Sauran aikin ƙafa ce da tafin hannu. A jiƙa ƙasa, a zuba mata ramno, wato busasshiyar ciyawar da ke riƙe ta, a tattake har cinya ta yi tsami, a bar ta ta kwana ta ruɓa, gobe a sake tattakewa. Shekarata ta farko ban taɓa katanga ba. Cilla tubali kawai nake yi daga ƙasa, Baba na cafewa a sama, in na cilla a karkace ya sako mini shi a ƙafa.

Aikin da ya fara sa ni tsoron ƙasa a Katuzu ne. Wani manomi ya aiko a kira mu, wai bangon ɗakinsa yana kuka. Mutumin bai nemi magini ba da zai yi ginin, shi ya je fadama da rani ya yanko busasshiyar laka gunduwa-gunduwa ya jera ya yaɓe. Da ruwan farko ya sauka, matarsa ta kwashe 'ya'yanta ta koma gidan maƙwabta. Mun iso da tsakar rana. Bangon ya yi kore shar daga sama har ƙasa, ciyawar burgu ta tsattsago ta ko'ina kamar gashin jiki. Muna tsaye sai muka ji shi, wani gurnani can ciki, gajere, irin na tsohon da ya juya a kan tabarma. Baba ya kara kunnensa a bango, ya bi a hankali, ya zaro wuƙa ya fara ƙwaƙula. Sai ga gaiwa a naɗe cikin kubenta, da ranta, tana buɗe baki. Rani guda ta yi tana barci a bangon mutane, suna kwana kusa da ita.

A hanyar komawa Baba ya ce mini, "Idi, ƙasar bakin kogi ba matacciya ba ce. Barci take yi. Duk abin da ruwa ya taɓa kawo mata tana riƙe da shi, ranar da ta ji ruwa za ta fito da shi."

Daga nan ya koya mini tambayar ƙasa, yadda shi ma maigidansa ya koya masa. In aka nuna maka fili, ka share ta sama, don ta sama ta iska ce, kowane iri tana kawowa. Ka haƙa kamar kamu ɗaya, ka ɗebo ta ciki, ka zuba a kasko, ka jiƙa ta sharaf, ka rufe da matankaɗi don kada tsuntsu ko iska su sa maka baki, ka ajiye inda haske ke shiga. Kullum ka ƙara ruwa. Kafin kasuwa ta zagayo sau biyu za ta ba ka amsa. In ƙarangiya ta fito, da tsidau, da tafasa, da komayya, ƙasar tudu ce, yi gininka. In kuwa ka ga burgu, ko kajiji, ko gemun kwaɗo, ko ɗan zagayayyen ganyen bado, to wurin na ruwa ne. Ko shekara nawa ya yi bai zo ba, bai sayar ba, kuma zai dawo. Amsa biyu ke nan, kuma iyakar abin da aka gadar mana ke nan.

Sai farin farkon shekarun tamanin ya zo. Ku ba a haife ku ba, ba za ku gane ba. Dama tun da aka datse ruwa can sama wajen Kano ambaliya ta rage isowa, sai kuma sama ta ƙi. Kogin Gashuwa da ƙafa muke tsallake shi, ko takalmi ba ma cirewa. Fadama ta tsattsage, ɗan akuya na iya karya ƙafa a cikin tsagar. Masunta suka jingine kwale-kwale suka tafi tafkin Chadi. Mutane kuma suka ga fili shimfiɗe kusa da gari ba mai shi, aka shiga rabo, kowa na neman magini. Baba ya jera kasake a bayan zaurensa, kowane da filin da aka ɗebo shi. A shekarar da ba ka ganin ɗanyen tsinke ko ɗaya daga nan har Nguru, kasaken nan su kaɗai ne kore a unguwar. Kuma warin ambaliya suke yi, warin nan na laka da kifi da kowa ya manta. Tsofaffin mata sukan shigo su tsaya a kansu shiru, su fita ba sallama. Kusan duka burgu da kajiji suka fitar, Baba ya yi ta mayar da masu neman gini, mu kuwa a gida tuwo sau ɗaya ake yi.

A cikin wannan hali Hammadu ya zo. Bafillace ne daga wajen Kumagannam, dogo, ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Kun san Barebari da Fulani abokan wasa ne, ba sa haɗuwa a rabu lafiya. Baba na ganinsa ya gaishe shi da Barbarci ya ce, "Wushe, bawana! Ina shanun? Ko ka cinye su ne a hanya?"

Hammadu ya ɗan yi murmushi ya ce, "Fari ya riga ni, Babarbare. Saura 'yan ƙwarori da ba su kai a kira su garke ba."

Baba ya tura masa tabarma.

Hammadu ya zauna ya ce, "Ɗakin ƙasa nake so. Ba don ni ba, ni bukka ta ishe ni. Don Nenne ce, mahaifiyata. Tun tana budurwa a bayan takarkari take, daga wannan mashaya zuwa waccan. Yanzu idonta ya tafi, ƙashinta ya yi taushi. Daga Kumagannam zuwa nan rabin hanya a bayana na goyo ta. Na yi mata alkawari wannan ne tashi na ƙarshe. Wuri nake so wanda ba za a sake ɗaga ta ba, tana raye ko bayan ranta."

Filin da mai unguwa ya ba shi yana bayan gari ta hanyar Katuzu. Wallahi ban taɓa ganin fili mai kyan wannan ba. Farin yashi ne mai laushi, a shimfiɗe, dogo, ya ɗan lanƙwasa, ba ƙaya ba kututture. Dama da hagu baƙar laka ce mai tsaga, shi kuwa fes. Muka ɗauka rairayin jigawa ne iska ta tara. Ba wanda zai ce mana a'a, don a zamanin da ruwa ke zuwa duk wajen shafe yake, ba mai ganin abin da ke ƙasa, masuntan da suka san shi da sanda kuma sun tafi. Baba ya share ta sama, ya ɗebi ta ciki, muka koma gida.

Kasuwa ta zagayo sau biyu, ba abin da ya fito. Ta sake zagayowa, shiru. Kasaken da ke gefensa sun cika da ganye har suna leƙowa ta ƙarƙashin matankaɗi, shi kuwa wannan yashi ne jiƙaƙƙe kawai, ko gansakuka bai yi ba. Baba ya koma ya haƙa har iya ƙugu, ya ɗebo sabo. Shi ma haka. Abin ya dame shi, don a duk rayuwarsa bai taɓa ganin kaskon da ya ƙi magana ba. Ya ɗauke shi ya zaga gidajen tsofaffin maginan Gashuwa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya leƙa ya ce abu guda: na ruwa bai fito ba, me ake jira? Da manomi aka nuna wa ƙasar da ba ta fid da ko tsinke, da ya tattara ya gudu. Mu magina kuwa ita muke so, ba saiwar da za ta fasa mana bango, ba tsiron da zai ɓata mana daɓe. Ga Hammadu yana zuwa kullum ya tsuguna a ƙofar zaure, tsohuwa na kwance a ƙarƙashin zana. Ranar nan Baba ya fito ya ce masa, "Tashi, bawana. Za a yi wa uwarka ɗaki, kuma ba mai tashinta."

Jar ƙasa muka yi ta ɗaukowa a jakuna daga tudun bayan gari, don yashin wurin ba ya kama. Lokacin ni ma na zama magini, ina da nawa masu aiki, amma wannan ginin tare muka yi shi da Baba, ni ta gabas shi ta yamma. Harsashi mai faɗi muka yi, bango mai kauri, azara zaɓaɓɓiya. Nenne na zaune a inuwar zana tana sauraron faɗuwar tubali, 'yar ƙaramar tsohuwa ce, idonta fari fat. Ranar da muke yaɓen ciki ta ce a kamo hannunta a shigo da ita. Tana sa ƙafa a tsakar gidan ta tsaya, ta murza yashin da yatsun ƙafarta.

"Ƙasar nan da sanyi take," in ji ta. "Kamar an wanke ta."

Baba ya yi dariya ya ce, "Don ke aka wanke ta, Nenne. Bafillatana ta samu ɗaki, ai dole a yi shara."

Ba ta yi dariya ba. Ta kwance wani ƙulli a bakin zanenta, sai ga 'ya'yan duma. Ta ce irin kakarta ne, mai manyan ƙwarya masu kaurin baki da ake tatsar nono a ciki, duk inda suka yi damina sai ta shuka a gindin shinge. Ta roƙi mu bar ta ta ajiye su a bango tun yana ɗanye, kada ɓera ya ci, in sama ta gyaru sai ta ƙwaƙule ta shuka. Haka ta bi ɗakin da lalube, tana danna su ɗaya-ɗaya da babban yatsa, tana shafe wurin da tafi, har ta zagaye ɗakin. Ni na bi bayanta ina gyara yaɓen.

Ba ta ga gyaruwar sama ba. Damina biyu marasa kirki ta yi a ɗakin, Allah ya yi mata rasuwa. Hammadu ya binne ta a bayan ɗakin nata, kamar yadda suke yi in suna nesa da maƙabarta. Saboda yashin na rubzawa, Baba da kansa ya je ya jera tubali a cikin kabarin. Da muka dawo daga ta'aziyya sai na tarar da shi a zaure yana zuba wa kaskon nan ruwa. Ashe bai taɓa dainawa ba. Sauran duk an zubar da su tuni, wannan kaɗai ya rage a lungu da matankaɗinsa. Matarsa har faɗa take yi, wai ana sayen ruwa a garwa shi yana shayar da yashi.

Na ce, "Baba, me kake jira kuma? Gini ya tsaya, ko tsaga bai yi ba."

Ya ce, "Ba ƙasar da ba ta da magana, Idi. Wannan riƙe tata take yi, ni kuwa ina so in ji."

Wajen ƙarshen shekarun tamanin ruwa ya dawo. Ina Nguru lokacin, ina yi wa wani ɗan kasuwa ɗakin ajiyar hatsi kusa da tashar jirgi. Labari ya zo cewa ruwa ya taso daga wajen Haɗeja, kafin a ankara tafkin Nguru ya fara cika. Wata rana da hantsi na bi masu jakuna mu ɗebo ƙasa, sai muka tarar ruwa ya yanke mana hanya, yana gudu ta wani matsattsen wuri daga wannan tafki zuwa wancan. Na zauna a bakin ina neman inda za mu tsallaka. A gefe, inda ruwan ya yi sanyin gudu, kumfa ce da ɓaraguzan ciyawa da 'ya'yan tsirrai baƙi-baƙi, sun taru kamar dusa, suna kwanciya a kan laka a hankali. Na ce a raina, ashe haka yake yi wa ƙasa ajiya. Sai na ɗaga ido na dubi tsakiya. Can ruwan garau yake, yana gudu da ƙarfi, ana ganin ƙasansa. Ba laka, ba tsinke, ba ƙwayar iri ko ɗaya da ke iya tsayawa. Duk abin da ya faɗa sai ya share shi ya kai gefe. Abin da ya rage farin yashi ne mai laushi.

Na naɗe wando na shiga. Sanyin ya ratsa ni har kai. Na duƙa na damƙo yashin na murza, sai maganar tsohuwar nan ta faɗo mini, kamar an wanke ta. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba. Na juye yashin a hulata, na bar masu jakuna a tsaye suna kirana, na ruga tasha na hau motar kifi mai zuwa Gashuwa.

Baba na zaure. Ban ko gaishe shi da kyau ba, na buɗe matankaɗi na ajiye hulata kusa da kasko. Ya ɗebi wannan da dama, wancan da hagu, ya murza.

"Daga ina?"

"Daga tsakiyar inda ruwa ke gudu, Baba. Iri ba ya zama a wurin, gefe yake kai shi."

Ya dubi hannuwansa. Sannan ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ashe ba shiru ta yi ba. Ba gonar ruwa muka shiga ba, Idi, a kan hanyarsa muka yi gini."

Mun samu a-kori-kura ta rage mana hanya, sauran muka ƙarasa da ƙafa, tsoho yana gaba ina binsa da shebur. La'asar ce, rana tas, ba gajimare ko ɗaya a sama. Baƙar lakar dama da hagu na nan a bushe da tsagarta. Amma a kan farin yashin nan, daga can nesa inda ya lanƙwasa, wani siririn ruwa na tahowa, bai kai idon sawu ba. Ba ƙara, ba kumfa. Yana tura busasshen kashin shanu da tururuwa a gabansa, yana bin yashin daidai, bai kauce dama ko hagu ba. Muna kallo ya isa gidan Hammadu ya shiga ta ƙofa kamar wanda ya san gidan.

Matar Hammadu da 'ya'yansa sun riga sun hau tudu da kayansu, don tun safe shanun suka tsinke igiya suka ƙi zama. Shi muka tarar a bayan ɗaki da fartanya, yana haƙa kabarin. Na sa shebur, Baba ya durƙusa da hannu. Amma yashin ya riga ya sha daga ƙasa. In ka kwashe shebur ɗaya, biyu su rubzo, ramin ya cika da ruwa mai sanyi. Mun yi ta yi har ruwan ya kai ƙauri, ya kai gwiwa, ya fara jan ƙafa. Gindin bangonmu ya fara narkewa, ruwan da ke zagaye da mu ya koma ja. Ko tubalin farko na kabarin ba mu taɓo ba.

Baba ya kama kafaɗarsa ya ce, "Hammadu, bari haka. Ka fita don 'ya'yanka."

Hammadu ya ɗago, fuskarsa duk yashi. "Na yi mata alkawari, Baba," ya ce. Ranar ce kaɗai na ji ya kira shi Baba.

Da ƙarfi muka ja shi, yana turjewa. Daga kan tudu muka tsaya muna kallo. Ɗakin bai faɗi da ƙara ba. Kafin magariba ya durƙusa a hankali, ya zauna, azara ta taso ta juya ta bi ruwa. Daga ranar Baba bai sake hawa katanga ba.

Watanni ruwan ya yi kafin ya janye. Abin da ya bari a fadama kuwa sai wanda ya gani. Burgu ya fi mutum tsawo, bado ya rufe kowane kududdufi, shinkafar daji ta fito inda ba wanda ya shuka. Akwai ganyayen da samarin lokacin ba su taɓa gani ba, sai tsofaffi ke faɗa musu sunayensu. Duk shekarun nan suna kwance a ƙarƙashin ƙafafunmu muna takawa. Amma a filin Hammadu farin yashi ne kawai a shimfiɗe, fes, kamar ran da aka fara nuna mana shi. Ba alamar bango, ba alamar kabari. Hammadu ya shiga yawo a fadama da sandarsa daga safe har yamma, yana bin yashin nan, yana leƙa kowane lungu. Mutane suka fara cewa kansa ya taɓu. In suka hangi juna a kasuwa, Baba ne ke canja hanya, don kunya ta hana shi haɗa ido da shi.

Wajen ƙarshen sanyi, wata safiya ina gidan Baba sai ga Hammadu a ƙofar zaure, ƙafafunsa duk laka.

"Babarbare, tashi," ya ce. "Kai ma Idi, zo."

Tafiya ce mai nisa, muna bin farin yashin har inda ya yi kwana a gindin wasu itatuwan giyayya. A nan ruwan ya rage gudu, ya sauke kayansa a gefe. Tun daga nesa na ga lakar wurin ta yi ja-ja, ba irin ta fadama ba. Da muka matso sai ga tafasa da ƙarangiya, 'yan tudu, tsaye a tsakiyar burgu inda ba su da dalilin zama. Ƙasarmu ce, wadda muka ɗauko a jakuna. A kanta kuma duma ya yaɗu, ya hau ciyawa, ya hau giyayya, ganye fala-fala. 'Ya'yansa na kwance a cikin ciyawa, manya, farare, ko'ina ka duba ga ɗaya ya leƙo. Ba gona a kusa, ba bukka, ba sawun mutum sai na Hammadu. Wurin tsit, ko tsuntsu ba ya kuka.

"Ga inda ruwa ya sauke ta," in ji Hammadu.

Baba ya ce, "Ɗakin dai a nan ya sauka. Sauran Allah ne masani."

Hammadu ya girgiza kai. "Ba ka san Nenne ba. Ba ta taɓa sauka a wuri ba tare da ƙwaryarta ba."

Muka tsuguna muka yi mata addu'a. Ni dai ban iya ɗaga kai na dubi dumamen nan ba har muka shafa. Hammadu ya kafa bukkarsa a tudun da ke kallon wurin, bai sake neman ɗakin ƙasa ba, kuma bai bar kowa ya tsinki ko ɗaya ba sai da suka bushe don kansu. Da suka bushe ya fafe guda ɗaya, ya kawo wa Baba har zaure, ya ajiye a gabansa.

"Ungo, Babarbare. In za ka tambayi ƙasa ka riƙa ɗiba da wannan. Makauniya ta ji abin da masu ido ba ku ji ba."

Baba ya karɓa da hannu biyu. A ranar ya fitar da kaskon nan daga lungu, ya kai yashin kogi ya juye. Bai yi amfani da ƙwaryar ba ko sau ɗaya, don ya riga ya bar gini. Ni ya bar wa ita da zai rasu.

Ita ce wannan da kuke wa dariya. Ku duba kaurin bakinta, ku duba ɗinkin da na yi mata a nan da nan. Mai filin nan zai jira ni ko yana so ko ba ya so, don kogi bai fi jifa biyu daga inda muke zaune ba, kuma na ga yadda yashin nan yake da haske. In ƙarangiya ta fito, ni zan fara kafa dagi. In burgu ne, zan gaya masa ya nemi wani wuri. In kuwa ta yi shiru, to ni ba ni a ciki. Ku da kuke da siminti kuna iya ginawa, amma kafin ku ja igiya ku tambayi mutumin ko akwai wanda yake niyyar binnewa a nan.